Abin da Ya Hana Kaza Kira

Kwanan baya na dawo daga masallaci na tarar 'yata da ƙawayenta sun cika ƙofar ɗaki da gardama kamar masu rabon gado. Wani ɗan littafin hikaya ne suke karɓa-karɓa a makaranta, labarin yarinyar da iyayenta suka rabu, aka yi ta ja-in-ja a kotu a kan wanda zai riƙe ta. Wannan ta ce uban ne mugu. Waccan ta ce uwar ce, don da tana son 'yarta da ta yi birgima a gaban alƙali. Ta ukun ta ce duk su bari, marubuciyar ce ba ta iya ƙare labari ba. Na daɗe ina cire takalmi da gangan don in ji inda za su tsaya. Su kuwa jira suke tsoho ya wuce su ci gaba, ba su san ni ma na taɓa zama a irin wannan majalisa ba, kuma a kaina aka yi shari'ar.

Ƙauyenmu yana gabas da Malumfashi, inda in ka fita bayan gari lokacin sanyi ba abin da za ka gani sai farin auduga iya ganinka. A can na yi wayo, wajen ƙarshen shekarun saba'in, a gidan Inna Yalwa, wadda ta haifi mahaifiyata. Doguwar tsohuwa ce mai jan bakin goro, ga faɗa ga ban dariya, ba ka sanin wanda za ka samu a ciki sai ka gaishe ta. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin ta gaji da auren mijin da bai taɓa ɗinka mata zanen salla ba.

Da an idar da sallar lisha sai ta hura wuta a tsakar gida da karan dawa, ta ɗora kututture a kai don ta daɗe. Amma ba a jin tatsuniyar Inna da hannu sake. Kowane yaro za a dire masa faifai cike da audugar da aka ɗebo a ranar, ya tsince busasshen ganye da ɓawo, don in an kai kasuwa malamin awo ya ba ta lamba ɗaya. In hannun wani ya tsaya, bakin Inna ma sai ya tsaya. Mu uku ne ba ma fashi: ni, da Talatu 'yar kawuna wadda ta ɗan girme ni, mai baki kamar reza, da Rasaki, ɗan Bayarabiyar da ke sayar da farantai da atamfa a bakin kasuwa. A garin aka haife shi, kuma ya fi ni iya karin magana.

Akwai ta huɗu, amma ita ba ma lissafa ta. Can gefe, inda hasken wuta ya ƙare, mahaifiyata Kulu take zama da mazarinta tana kaɗi. Ba ta dariya in an zo wurin dariya, ba ta amsa waƙar tatsuniya. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari hannu bibbiyu. Sunana Lawal, amma a bakinta ni "yaron nan" ne, in ta matsu ƙwarai ta ce "kai". Ba ta miƙo mini tuwo da hannunta, sai ta ba Talatu ta kawo. Ni ma Yaya Kulu nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Duk wannan bai taɓa damuna ba, don haka na ga ana yi a gidaje da yawa, sai bayan zaman da aka yi a zauren mai unguwa.

Mahaifina yana aiki a injin gurzar auduga a Funtua. Abin da ya raba su ban sani ba, har yau ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini. Na dai san mun dawo ƙauye tun ina ƙarami, sannan a wannan shekarar ya aiko yana son ɗansa, zai sa shi makaranta. Aka taru a zauren. Inna Yalwa ta ci ɗamara ta yi ta zuba: ita ta yi goyo, ita ta yi jinyar ƙyanda, kuma ko a littafi riƙon yaro na uwa ne da uwar uwa. Dangin mahaifina suka ce ɗa na uba ne, makarantar ƙauye kuwa rumfa ce kawai da malami ɗaya. Da gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, mai unguwa ya ce a tambayi uwar yaro. Tana tsugune a bayan ƙofar zauren ta cikin gida, ni kuma ina zaune kusa da Kawu, ina hango gefen mayafinta. Aka tambaya, shiru. Aka sake tambaya. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Duk yadda manya suka gani. Ai nasu ne."

Aka yanke cewa in an gama ɗibar auduga za a zo a tafi da ni.

Tun daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Da can in auduga ta fashe murna nake yi, don lokacin ne ake cin nama a gida, ake sayen sabon wando. A wannan shekarar kuwa kullum da safe sai na ruga bayan gari in ga farin da ya rage a gona, ina jin haushin matan da ke ɗiba saboda saurin hannunsu. Ba Funtua nake tsoro ba. Gaskiya ma ina son in ga jirgin ƙasa da wutar lantarki da Rasaki yake ta cika mana baki da su. Abin da ke cina a rai ɗaya ne: ina so in san ko Yaya Kulu tana so na, ko kuwa da gaske ni nasu ne, kaya ne da aka ajiye mata aka zo ɗauka. Na yi ta neman ta da magana ta kowace hanya. In bi ta gabanta in ture ƙoƙon allinta, in zauna a ƙofar ɗakinta in miƙe ƙafa. Iyakar abin da nake samu shi ne ta ce, "Talatu, ce wa yaron nan ya matsa." A bakin wuta kuwa faifaina kullum shi ne na baya, in tashi in zauna, in tsokani wuta da kara. Inna ta kan harare ni ta ce, "Maigida, cinnaka ne ya shiga wandonka?" Ta san ba cinnaka ba ne.

Ranar da aka ɗebe gonar ƙarshe, da la'asar, Gwaggo Ladi yayar mahaifina ta sauka daga motar kasuwa. Mace ce mai sanyin magana, ba ta zo da faɗa ba, ta zo mini da burodi da takalmin roba. Inna ta tarbe ta da fura mai kyau da fuska marar kyau. Aka ce da safe za mu kama hanya. Na ɗauka a daren ba za a yi tatsuniya ba, sai ga Inna ta hura wutarta kamar kullum, har ta tura wa Gwaggo faifai. "Baƙuwa ma ta sa hannu," in ji ta. "Gidanga ba a sauraro kyauta."

Ta gyara zama, ta tofar da tukar goro, ta buɗe da irin nata buɗin da ban taɓa ji a bakin kowa ba.

"Ga ta nan tahe da sandarta, wa zai ba ta tabarma?"

Muka ce, "Ta zauna a tamu."

Wai Zabo ne na dawa ya hango Kaza tana kiwo a gindin danga, ya ga ta yi masa, ya nema aka ba shi. Zama ya yi daɗi har suka sami tsako ɗaya, mai zanen uba a fiffike da ƙafar uwa. Sai rigimar makwanci ta taso. Zabo ya ce shi ba ya iya barci sai a kan reshe, akurki a wurinsa kabari ne. Kaza ta ce ita in ta hau reshe jiri ke ɗibarta. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba kuma wanda ya sauko. "Harshe da haƙori ma suna saɓawa," in ji Inna, "balle mai tashi da mai tono." Aure ya mutu, saura tsako. Aka kai ƙara wurin Kunkuru alƙalin dawa, wanda kafin ya iso wurin shari'a har gero ya nuna an girbe. Ya sa aka share masussuka, tsuntsaye suka kewaye, aka ajiye tsako a tsakiya, Zabo ta gabas, Kaza ta yamma. Ya ce kowa ya kira, wanda tsako ya bi shi ke da shi.

Nan Inna ta miƙe wuya ta kwaikwayi kukan Zabo, har Rasaki ya kife da dariya a kan faifansa. Zabo ya kira, ya yi kirari, ya yi alkawari: zan kai ka saman kuka, zan koya maka tashi, za ka ga inda rana take kwana. Kaza kuwa ta ɗaga ido ta ga taron nan, ga surukai ga baƙi, sai ta sunkuyar da kai ta hau tonon ƙasa. Tsako ya zuba wa bakinta ido yana jira. Ya jira, ya jira, baki bai buɗe ba. Sai ya juya ya bi ubansa.

Inna ta tafa hannu sau ɗaya. "Nan na sauke. Ku ne alƙalai. Mi ya hana Kaza kira?"

Dama haka take mana wani lokaci, ta kai labari bakin rami ta bar mu mu yi ta kokawa da shi. Talatu ce ta fara, kamar kullum. "Zakara ta hango," ta ce. "So take ta rabu da wahala ta yi sabon aure." Inna ta jefe ta da ɓawon auduga, ta ce wannan bakin sai ya kai ta gaban alƙali wata rana. Rasaki ya ce shi tatsuniyar ma ba ta yi masa daɗi ba, a sake mata ƙarshe. "In Mamana ce, sai an ji muryarta a Funtua. Kunkurun ma kifa shi za ta yi, ta ɗauki ɗanta ta tafi."

Gwaggo Ladi ba yarinya ba ce, ta san hannunka-mai-sanda in ta gan shi. Ta ci gaba da tsintar audugarta, ta ce a hankali, "Ni a ganina Kaza ta yi hankali, Inna. Ta san mai fiffike ba a tsare shi a akurki. Barinsa da ta yi shi ne gatan da ta yi masa."

"Haka masu ɗauka kan ce," in ji Inna. Sannan ta juyo gare ni. "Maigida, kai hwa?"

Ban kalli Inna ba, can gefen na kalla, inda hasken wuta ya ƙare. Na ɗaga murya fiye da yadda ake bukata, na ce, "Ba ta son shi ne. Da tana son shi da ta kira. Kazar nan ba uwa ba ce."

Mazari yana da wani ɗan sauti in yana juyawa a cikin ƙoƙo, siriri, wanda ban taɓa lura da shi ba sai da ya tsaya. Yaya Kulu, wadda tunda nake ban taɓa jin ta sa baki a tatsuniya ba, ta yi magana. Ba ni ta kalla ba, wutar ta kalla.

"Inna, ai ta kira."

Duk muka juya gare ta, har Talatu.

"Kaza da ƙafa take kira. Tonon nan da ta yi, abinci take tona mashi. Shi ne ya tsaya kallon bakinta, bai dubi ƙasa ba."

Tana gama faɗa ta tattara mazari da alli da sauri, kamar wadda ta yi abin kunya a gaban surukai, ta shige ɗaki ta saki asabari. Inna ba ta rufe tatsuniyar ba, ba ta kuma ce ga wanda ya yi daidai ba. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin, sannan ta ce mu kai fayafai rumbu.

Da zan ce na fahimta a daren nan da na yi ƙarya. Abin da na ce a raina shi ne, to, ta goyi bayan 'yar'uwarta Kaza. Ina ruwan tsako da tono? Kira aka ce a yi. Da safe Inna ce ta raka ni bakin mota tana kuka tana faɗa, wai ashe dama sakinta zan yi in tafi birni in auri mai jan baki. Talatu ta ɗauko mini ƙullin kayana. Kafin mu fita na tsaya a tsakar gida ina gyara takalmin robar da ba abin da ya same shi, ko za a ɗaga asabarin nan. Ba a ɗaga ba.

A Funtua ban wulaƙanta ba. Mahaifina mutum ne mai kirki irin nasa, shi ma kunyar ɗan farin yake yi, don haka Gwaggo Ladi ce ta zame mini uwa da uba a magana. Na ga jirgin ƙasa har na daina ɗaga kai in ya wuce. Na yi makaranta, na ci gaba. In an yi hutu na je ƙauye, sai in durƙusa in gaida Yaya Kulu kamar maƙwabciya, ta amsa tana kallon wani wuri. Daga baya ta yi aure a unguwar gaba, ta haifi waɗansu 'ya'yan, ina ji tana ƙwala musu kira da sunayensu tun safe har yamma. Wannan ya fi komai yi mini zafi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Inna Yalwa ta rasu ina sakandare, tatsuniya ta bi ta.

Sai da na yi furfura a gemu, a wajen wani bikin dangi, muka zauna da Talatu muna tuna da. Muka yi dariyar Rasaki da kifa Kunkuru. Na ce mata cikin wasa, ni fa har yau ina nan a kan hukuncina. Sai na ga dariyarta ta ɗauke.

"Lawal, ashe da gaske ba ka sani ba?"

Ta ce shekarun farko bayan tafiyata, duk lokacin da zare ya taru, sai Yaya Kulu ta ce za ta kai kasuwar Funtua, a ba ta Talatu ta ɗaukar mata ƙwarya. Su hau motar kasuwa tun da sassafe, a kan buhuna. In sun isa ta sayar da zaren yadda aka taya, ko ciniki ba ta tsayawa yi. Daga nan su taka har makarantarmu, su tsaya a gindin wata dalbejiya har a buga ƙararrawar tashi.

"Mu ga ka fito da jakarka kuna tsere da yara. In na buɗe baki zan kira ka sai ta matse mani hannu, har sai na ji zafi. Kana shan kwana sai ta ce mu tahi kada mota ta bar mu."

Na ce, me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?

"Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Yanzu ma don na ga mun tsufa ne."

A makon na tafi ƙauye. Na sami Yaya Kulu a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, ta rame, idanunta sun fara hazo. Bayan mun gama gaisuwa na matsa kusa fiye da yadda na saba, na ce, "Yaya Kulu, an ce kina zuwa Funtua lokacin ina makaranta."

Hannunta bai tsaya ba. "Zare nake kaiwa."

"Ai kasuwar Malumfashi ta fi kusa."

Ta fasa gyaɗa ɗaya, ta fasa ta biyu.

"Ta Funtua ta fi ciniki," in ji ta. Sannan ta kira wata jikarta ta ce ta kawo wa baƙo ruwa.

Tun daga nan nake ta juya tatsuniyar nan a raina, kuma ban ce na gama da ita ba. Gwaggo Ladi ba ta yi ƙarya ba, na sami fiffike. Rasaki ma bai yi ƙarya ba, don yaro ƙarami kira yake ji, kuma ba zan zauna in yabi kunyar da ta sa uwa ta ce ɗanta na wasu ne alhali cikinta yana ƙuna ba. Ta cuce ta, ta cuce ni. Amma yanzu na gane Inna Yalwa ba don mu yanke wa Kaza hukunci ta yi tatsuniyar ba. Ta ga 'yarta ba za ta iya magana a kan ɗanta ba, sai ta kawo mata kaza ta yi magana a kanta. Ta kuwa yi, sau ɗaya, a gaban baƙuwa, ni kuma ina zaune ina jiran wata kalma dabam.

Shirun Yaya Kulu na yafe shi tuni. Abin da ke hana ni sukuni shi ne na san dalbejiyar nan. Tana hannun dama in an fito daga ƙofar makaranta, taku kaɗan daga hanya, kuma ba a raba ta da matan ƙauye masu ƙwarya suna shan inuwa. Ni kuwa kullum a guje nake fita, ban taɓa waiwayawa ba.